JUBILI NA GASKIYA: ƘASA TA HUTA, MATALAUCI YA NUMFASA

Jawabin Babban Baƙo Mai Jawabi a Bikin Cikar Ikkilisiya Shekara 50, Kafur, Jihar Katsina

Shugaban taro,
Uban taro da Uwar taro,
Masu girma Fastoci da Masu Bishara,
Iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya,
Dattawan Ikkilisiya,
Zumuntar Mata da Zumuntar Matasa,
Maƙwabtanmu Musulmi da suka zo taya mu murna,
'Yan'uwa maza da mata.



GABATARWA

Da farko ina godiya ga Allah wanda ya nuna mana wannan rana lafiya. Ina kuma godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga ya dace in tsaya a gabanku, ko da yake akwai waɗanda suka fi ni shekaru da sani a cikin taron nan. Yawancin iyayenmu da suka kafa wannan majami'a da jinka da kara sun riga mu gidan gaskiya. Sun fara sujada a nan ba da daɗewa ba bayan farin 1973, rumbunansu babu komai, amma duk da haka suka raba ɗan abin da suke da shi. Allah ya sa mu gaji halinsu.

An roƙe ni in yi magana a kan adalci da gyaran ƙasa a wannan zamani da duniya ta zama kowa na dogara da kowa. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan ranar biki da zancen gona da bashi? 'Yan'uwa, kalmar jubili da muka buga a bangon wannan littafi, asalinta zancen gona da bashi ne. Saboda haka ku yi haƙuri da ni, ba sabon abu na kawo muku ba.

MECE CE JUBILI?

Idan muka buɗe Littafin Firistoci sura 25, za mu ga Allah ya umarci Isra'ilawa su bar gonakinsu su huta a kowace shekara ta bakwai. Idan aka ƙirga bakwai sau bakwai, wato shekara 49, sai a busa ƙaho a Ranar Kafara, a keɓe shekara ta 50. A wannan shekara abu uku ne manya. Na ɗaya, ƙasa ta huta. Na biyu, duk wanda talauci ya sa ya rabu da gonar gādonsa, gonar ta koma hannunsa. Na uku, wanda ya sayar da kansa bauta saboda babu, a sake shi ya koma cikin danginsa. A cikin surar kuma an hana karɓar ruwa a kan bashin ɗan'uwa da ya talauce, an kuma ba dangi na kusa ikon fansar gonar tun kafin shekarar ta zo. Dalilin da aka bayar ɗaya ne: Allah ne mai ƙasa, mutum kuwa baƙo ne a kanta.

Ku lura da kyau. Allah bai raba hutun ƙasa da hutun matalauci ba, a sura ɗaya ya haɗa su. Wannan shi ne dukan abin da nake so in faɗa yau. Ba za mu iya gyara ƙasarmu ba muddin muna cin zalin juna a kanta, domin mutumin da bai tabbata gonar za ta kai baɗi a hannunsa ba, ba zai zuba mata takin gida ba, ba kuwa zai raini itace a cikinta ba.

ABIN DA IDONMU YA GANI CIKIN SHEKARA 50

Dattawa za su shaide ni. A dā mutum yakan tashi daga Kafur zuwa Malumfashi, ko daga Gozaki zuwa Mahuta, yana shiga inuwar ɗorawa yana fita ta kaɗanya. Mata suna yin daddawa da man kaɗe daga gonakin mazansu, suna sayen sabulu da littattafan yara da kuɗin. Ana noma dawa da maiwa da wake a haɗe, idan kaka ta yi Fulani su sauka a gona da shanunsu su ci kara su bar taki, wani lokaci ma mai gona ya ƙara musu da damin dawa don su daɗe.

A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da bashin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani, da ingantaccen iri, da hanyoyin karkara. Masara da a dā ake shukawa a bayan gida don gashi, ta zama amfanin kasuwa, har yankinmu ya yi suna da ita. Ba za mu yi butulci ba, da kuɗin masara da auduga aka yi rufin kwanon gidaje da yawa, aka biya kuɗin makarantar da yawa daga cikinmu.

Amma akwai abin da muka yar a hanya. Da garmar shanu da tarakta suka yawaita, sai muka shiga tumɓuke kututture, muna ganin gona mai itace gonar rago ce. Ni kaina na yi, ban tsame hannuna ba. Muka bar takin gida da juya amfani, muka dinga maimaita masara a kan masara. Mutane suka ƙaru, gandu ya rarrabu, babu sauran saura da za a bari ta huta. Yau ga wuta-wuta ta cika gonaki, ga zaizaya tana cin bakin rafuka, ga masu gawayi sun gama da kirya da marke sun koma kan kaɗanya. Gonar da a dā ake noma ta ba buhun taki, yanzu idan ba ka zuba ba ko iri ba za ka mayar ba.

DUNIYA TA SHIGO GONARMU

Iyayenmu sukan dubi gabas su san abin da damina za ta yi. Mu kuwa sai mun haɗa da sauraren rediyo, domin abin da ake yi a nesa yana iso mu har kunya. Bari in kawo misalai kaɗan.

A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, daga baya kuma atamfar waje mai araha ta cika kasuwa, manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Auduga da ta raya injinan gurza na Funtua da Malumfashi ta ja baya. A 2016 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a Nijeriya, asalinta kuwa daga nahiyar Amurka ne. A 2017 gwamnati ta tsayar da farashin buhun taki a kan naira 5,500, amma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, aka kuma cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, sai farashin ya ninka sau da yawa. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 aka rufe iyaka har zuwa watan Maris 2024, fatauci ya tsaya a Jibiya, masu hatsi da masu dabbobi na ɓangarorin biyu suka ji a jikinsu. A 2024 aka ɗage harajin shigo da wasu hatsi don sauƙaƙa wa mutanen birni, a 2025 farashin masara ya faɗi, taki kuwa bai sauko tare da ita ba, manoma da yawa suka kasa mayar da abin da suka kashe.

Haka kuma zancen sauyin yanayi. Dukan nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma mu ne damina take yi wa gardama: ta makara, ko ta ɗauke ana tsakiyar bunni, ko ta zubo gaba ɗaya ta kwashe shuka. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. A taron duniya da aka yi a Masar a watan Nuwamba na shekarar, ƙasashe sun yarda a kafa asusun taimakon waɗanda sauyin yanayi ya yi wa ɓarna. Daidai ne mu ce wa manyan ƙasashe su cika alkawari, gama wanda ya fasa tulu shi ya kamata ya biya.

Sai dai kafin mu nuna wa Turai da Amurka yatsa, mu tuna mu ma akwai waɗanda suke ƙarƙashinmu. Gulbin Sakkwato daga yankin Funtua yake tasowa, ya bi ta Gusau ya shiga madatsar Bakolori. Ƙasar da ruwa ya kwashe daga tudun da aka sare wa itace, da maganin feshin da aka wanke a rafi, wani ne can gaba zai sha su. Masarar da ke fita daga kasuwannin Dandume da Bakori ita ce tuwon wani yaro a Kano da Maraɗi. Yadda wasu suke riƙe da mu, haka muke riƙe da wasu.

DARASI DAGA MARAƊI

Gani ya kori ji. Ba sai mun je ƙasar Turawa neman misali ba, 'yan'uwanmu Hausawa na Maraɗi sun ishe mu. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa nesa ba kusa ba, bayan farin shekarun 1970 kuwa ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An yi ta dasa itatuwa daga gandun raino, yawancinsu suna mutuwa.

A 1983 wani ɗan mishan na SIM, wato mishan ɗin da ECWA ta fito daga cikinta a 1954, mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar kuɗi: ka zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, ka datse sauran, ka gyara rassan ƙasa, ka tsare shi daga wuta da gatari. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, yakan girma da sauri fiye da dashe. Mutanen can suna kiran wannan sassaben zamani. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da wannan aiki. Da yunwa ta wuce da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfanin, maƙwabta suka yi koyi da su. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya, a shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomi Musulmi daga Burkina Faso wanda ya rayar da ƙeƙasasshiyar ƙasa da ramukan taki.

Ga inda nake so ku kasa kunne. A dā doka ta mai da itatuwa mallakar hukuma, manomi yana iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Saboda haka ya gwammace ya kashe shi tun yana ƙarami. Aikin bai yaɗu ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne, su za su ci moriyarsa. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar musu da wannan haƙƙi. Ashe saiwar tana nan tun dā, adalci ne ya yi ƙaranci.

MU DUBI CIKIN GIDANMU

Yanzu zan taɓa inda yake da ciwo, ina roƙon gafara tun da wuri. Kowa ya san halin rashin tsaro da muka shiga. Mun ga an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba 2020. Mun ga an shiga Gidan Mai Kambu a nan Kafur a watan Mayu 2022 an tafi da limaman Katolika biyu. Mun ga an kashe masu sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a watan Agusta 2025. Masifar ba ta tambayi addinin kowa ba. Allah ya ta'azantar da dukan waɗanda abin ya shafa, ya kawo mana ƙarshensa.

Amma ina tambaya: iyalin da aka ɗauke musu mutum, suka rasa kuɗin fansa, suka sa gonar gādo a kasuwa cikin dare ɗaya, wa ya saya? A nawa ya saya? Ba daga wata duniya masu sayen suka zo ba. Wani lokaci a benci ɗaya suke zama da mai gonar ranar Lahadi. Haka kuma ba-da-kaka: ɗan'uwa ya zo a watan Agusta rumbunsa ya ƙare, ka ba shi buhu ɗaya a kan zai biya biyu, ko ka saye masararsa tun tana tsaye a rabin kuɗinta. Shekara uku a jere, sai jingina, daga jingina sai gona ta tafi. Ga kuma gwauruwa wadda tun ba a share makoki ba 'yan'uwan mijinta sun raba gonar, an bar ta da marayu da fartanya.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan duka. A Nehemiya sura 5 mutane sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa, Nehemiya ya tara manya ya sa suka mayar. A 1 Sarakuna sura 21 sarki Ahab ya ƙwace gonar Nabot, Allah ya aiki annabi Iliya ya tare shi a cikin gonar. A Littafin Ƙidaya sura 27 'ya'ya mata biyar da ubansu ya mutu bai bar ɗa namiji ba sun nemi gādonsa, Allah ya ce suna da gaskiya. Rut kuwa da kala ta ciyar da surukarta, domin Bo'aza bai share gonarsa ƙaf ba.

Kada wani ya ce wannan tsohuwar doka ce da ba ta aiki a zamanin yanzu. Daga wannan sura ta 25 Kiristocin duniya suka ɗauki sunan yunƙurin Jubili 2000, mutum fiye da miliyan 20 suka sa hannu a yafe wa matalautan ƙasashe bashi. A 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, ƙasashen Kulob ɗin Paris suka yafe wa Nijeriya dala biliyan 18. Mun yi murna a lokacin. To, idan mun ji daɗi da aka yafe wa ƙasarmu biliyoyi, da wane ido za mu shaƙe ɗan'uwa a kan buhu biyu?

SHAWARWARI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina miƙa waɗannan shawarwari bakwai ga dattawa da dukan jama'a:

1. Fansar gona. Duk wanda ya karɓi gonar ɗan'uwa a lokacin fansa, ko ciwo, ko yunwa, ya buɗe masa ƙofar fansa a cikin wannan shekara. Dattawa su zauna da su biyun, a lissafta abin da aka biya da amfanin da aka riga aka ci, a yi sulhu ba tare da tozarta kowa ba.

2. Rumbun tsimi na Ikkilisiya. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi. Mu ko tiya biyu daga kowane buhu muka ajiye da kaka, a cikin buhun PICS mai ruɓi uku wanda ba ya bukatar magani, za mu ranta wa mabukata da damina su mayar da kaka ba ninki. A sa mata a cikin masu riƙon mabuɗi da littafin lissafi, a kuma karanta lissafin a gaban jama'a.

3. Sassaben zamani. A bazara mai zuwa kowane magidanci ya bar toho a gonarsa, ko kalgo ne ko sabara, balle ɗorawa da kaɗanya da gawo. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ba ya tsare wa shuka rana, ƙarƙashinsa kuwa taki ne. A fara da gonar Ikkilisiya don kowa ya gani. Mai ba da aro ko haya ya yi wa mai noma alkawari a gaban shaidu na shekarun da zai riƙe gonar, da rabonsa a itacen da ya raina.

4. Hutun ƙasa. Ba mu da filin da za mu bari shekara guda, amma muna iya juya masara da waken suya, ko gyaɗa, ko wake, gama suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, suna kuma rage wuta-wuta. Mu daina ƙone kara, mu koma tara takin gida. Matasa su nemi irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar mai jure fari da wuta-wuta.

5. Gwauraye da marayu. Kada Fasto ya rufe makoki sai dattawa sun san makomar gonar mamaci. Maza, mu rubuta wasiyya tun muna da rai. Zumuntar Mata kuma ta koyi gina murhu mai tsimin itace ta koya wa maƙwabta.

6. Burtali da mashaya. Wanda ya cinye burtali da garma ya ja baya. Ba kowane mai sanda da shanu ne ɗan bindiga ba, su ma da yawa an kwashe musu dukiya. Mu nemi zama da arɗo da mai unguwa da limamin masallaci a kan lokacin sakin gona da hanyar ruwa, tun kafin rigima ta taso. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

7. Murya ɗaya. Mu haɗa kuɗi mu sayi taki da iri a dunƙule, mu sayar da amfani a dunƙule. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, kada mu tsaya ga atamfa da taliya. Mu tambaye su zancen tsaro, da taki a kan kari, da hanya, da masu sare daji.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ƙaunatattu, ranar da Ubangijinmu ya tsaya a majami'ar Nazarat, kamar yadda Luka ya rubuta a sura 4, da shelar irin wannan shekara ya buɗe hidimarsa, matalauta da ɗaurarru ya fara ambata. Mun ɗinka ankon biki, mun yanka sa, mawaƙa sun yi ƙoƙari, duka yana da kyau. Amma jibi za a kwance rumfunan nan, baƙi su koma gida. Abin da zai nuna ko mun yi jubili shi ne, a kaka mai zuwa iyali nawa ne suka girbe gonar da suka fid da rai da ita, gwauruwa nawa ce ta kwana ba fargaba, kututture nawa ne kuma aka bari ya yi toho.

Yawancinmu ba za mu ga bikin shekara 100 ba. Yaran nan da ke zaune a tabarma a gaba su ne za su gani. Addu'ata ita ce su yi nasu taron a inuwar ɗorawar da muka bari, su kuma same ta a gonar da ba a ƙwace wa kowa ba.

Allah ya albarkaci wannan Ikkilisiya, ya albarkaci ƙasar Kafur da Jihar Katsina, ya ba Nijeriya salama. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.